Manhajar da ke ce wa kowa "ka"

A shekarar 2006, masu kula da GNOME, wani babban aikin haɗa manhajar kwamfuta da 'yan sa-kai ke yi daga ƙasashe daban-daban, sun karɓi takardu 181 daga ɗaliban da ke neman gurbin aikin bazara a ƙarƙashin wani shiri da kamfanin Google ke ɗaukar nauyinsa. Da aka zauna tantancewa, sai aka tarar duk cikinsu babu mace ko ɗaya. Babu wata doka da ta hana mata nema, kuma sanarwar a fili take ga duk mai intanet. Sai mutum biyu daga cikin masu aikin, Hanna Wallach da Chris Ball, suka ce a gwada wata dabara: a ware gurabe, a rubuta ɓaro-ɓaro cewa mata ake nema, kuma za a biya su. Mata kusan 100 suka aiko da takardu, aka ɗauki shida.

Tun da na fara jin wannan labari nake juya shi a raina, domin matan nan 100 ba daga sama suka faɗo ba. Suna nan tun farko da iliminsu da kwamfutocinsu, sun ga sanarwar farko sun wuce abinsu. Abu biyu ne kawai suka sauya, an kira su kai-tsaye, an kuma yarda cewa lokacinsu yana da daraja. Duk abin da zan faɗa a nan game da mu Hausawa, a kan waɗannan abubuwa biyu ya rataya.

Ga wanda bai saba da harkar ba, hanya mafi sauƙi ta gane irin wannan manhaja ita ce ya tuna aikin gayya. A 1983 wani Ba'amurke mai suna Richard Stallman ya shelanta cewa zai gina manhajar da kowa ke da 'yancin amfani da ita, da duba yadda aka ƙera ta, da yi mata gyara, da raba ta ga wanda ya ga dama. A 1991 wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya fitar da Linux, mutane suka yi ta kawo gudummawa daga ko'ina. Yau duk mai riƙe da wayar Android yana tafe da Linux a aljihunsa, ko ya sani ko bai sani ba. Manhajar da Wikipedia ke gudana a kanta ma irin wannan ce. Gona ce ta kowa, wanda ya samu sarari ya ɗauko fartanyarsa.

To amma wanda ya taɓa ganin gayya a ƙauye ya san ba masu fartanya kaɗai suka yi aikin ba. Akwai waɗanda suka tashi tun asuba suka daka fura, suka tuƙa tuwon mutum talatin, suka ɗauko a ka har bakin gona. In an tashi yabo, sunan masu noma ake kira. Haka ma a wannan gona ta intanet. Wani bincike da Tarayyar Turai ta ɗauki nauyi, wanda aka fitar a 2006, ya nuna mata ba su wuce kashi 1.5 cikin 100 na masu wannan aiki ba, alhali a kamfanonin da ke sayar da manhaja sun kai kashi 28. Bayan shekara goma sha ɗaya, dandalin GitHub ya yi nasa binciken a 2017, ya samu kashi 95 na waɗanda suka amsa maza ne, mata kashi 3. Wato inda ake biyan albashi mata sun fi yawa nesa ba kusa ba, inda ake cewa ƙofa a buɗe take ga kowa kuwa sai a neme su a rasa.

Zamanmu a Stapleton

Ina zaune a Stapleton, wata unguwa a gaɓar arewa maso gabashin tsibirin Staten Island, ɗaya daga cikin gundumomi biyar na birnin New York. In aka ce Hausawan New York, Bronx da Harlem ake nufi, kuma da gaskiya, can ne taron suna da na biki da tuwon sayarwa suke. Mu nan tsiraru ne a tsakanin 'yan Laberiya da suka cika Park Hill, da 'yan Siri Lanka, da 'yan Meziko, da baƙaƙen Amurka da suka riga mu duka. Kullum da safe nakan hau jirgin ƙasa tasha biyu zuwa St. George, daga nan in shiga jirgin fito zuwa Manhattan inda nake aikin adana bayanai. Jirgin kyauta ne, tafiyar kuma minti 25 ce, kuma a cikin waɗannan mintuna nake yin mafi yawan aikina na sa-kai.

Aikin da na fi ba ƙarfi shi ne Common Voice, wanda gidauniyar Mozilla, masu manhajar Firefox, suka fara a 2017. Hausa ta shiga jerin harsunan da aka fitar da muryoyinsu a 2021. Yadda abin yake ba shi da wuya. Mutum zai buɗe shafin a wayarsa, a nuna masa gajeriyar jimla, ya danna maɓalli ya karanta ta da murya, biyar-biyar ake yi. Wasu kuma su saurara su tabbatar abin da aka karanta ya dace da abin da aka rubuta, sai mutum biyu sun amince kafin a karɓa. Akwai masu rubuta sababbin jimloli, akwai masu duba su. Duk abin da aka tara ana ba da shi kyauta ga mai son koya wa na'ura sauraren magana, ɗalibi ne a Jami'ar Bayero ko babban kamfani ne a Kalifoniya.

Na'ura kuwa abin da aka ciyar da ita shi take amayarwa. A 2020 masu bincike daga Jami'ar Stanford sun gwada manhajojin mayar da magana rubutu na kamfanoni biyar, Amazon da Apple da Google da IBM da Microsoft. Sun samu kuskuren da suke yi a maganar baƙaƙen Amurka ya kai kashi 35 cikin 100 na kalmomi, a maganar fararen fata kuma kashi 19. Wannan fa Turanci ne, harshen da ya fi kowane tarin bayanai. Ina ga Hausa? In samari 'yan boko na birni ne kaɗai suka ba da muryarsu, na'urar za ta tashi tana jin Hausar samari 'yan boko na birni, in tsohuwa ta yi mata magana ta yi kunnen uwar shegu.

Wannan ba tatsuniya ba ce ga wanda ke zaune a nan. Duk macen da ta taɓa raka wata asibiti ta san yadda ake kiran tafinta ta waya, ta kuma san yadda baki ke nauyi in muryar namiji ce ta fito, ga shi abin da za a faɗa ya shafi jinin biki ko ciwon mara. Yanzu da ƙirƙirarriyar basira ke kutsawa kowane lungu, wata rana na'ura ce za ta tsaya a tsakanin iyayenmu da likita. Hausar da ta fi yawa a intanet kuwa ta labarai ce da ta fassarar littattafan addini. Na'ura za ta san "majalisar dattawa" da "'yan bindiga" da "hauhawar farashi" kamar ruwa. Amma naƙuda fa? Wankan jego, kunun kanwa, yaye, goyon ciki, tsinkau-tsinkau, jiri, ƙaiƙayi? Waɗannan kalmomi a bakin mata suka fi zama, kuma sai mata sun kawo su za su shiga.

Da wannan tunani na fara tara 'yan uwa mata ranar Lahadi bayan la'asar. Ba ƙungiya ba ce, ba mu da suna, ba mu da shugaba. Wani lokaci mu biyar ne, wani lokaci mu uku. Akwai wata Hajiya 'yar Maraɗi mai shagon kitso, akwai wata Anti da aka haifa a zangon Kumasi wadda ke kula da tsofaffi a gidajensu, akwai 'yar Antin da aka haifa a nan tana karatun kwamfuta a kwaleji, sai wata amarya 'yar Katsina da ba ta daɗe da zuwa ba. Sauraro da tantancewa mukan yi su a laburaren unguwa da ke titin Canal kusa da dandalin Tappen, tsohon gini ne na 1907 daga cikin waɗanda attajirin nan Andrew Carnegie ya ba da kuɗin ginawa, aka faɗaɗa shi aka sake buɗewa a 2013. Akwai intanet kyauta da ɗumi lokacin hunturu. Naɗar murya kuwa sai a falona, don ba a ɗaga murya a laburare.

Wa ke da sarari?

Abu na farko da zaman ya nuna mini shi ne matsalarmu ba ta rashin iyawa ba ce. Hajiya ba ta yi boko mai zurfi ba, amma kunnenta ya fi na kowa kaifi, ko wasali ɗaya aka ja inda bai kamata ba sai ta kama. Abin da babu shi ne sarari. Kai ɗaya na ƙananan kitso yakan ci mata awa shida ko fiye, hannayenta biyu a cikin gashi. Anti takan yi awa 12 a gidan wata tsohuwa, ta dawo ta ɗora tukunya. A gida Najeriya da Nijar ana kukan wuta da tsadar data, mu nan wuta ba ta ɗaukewa, intanet kamar ruwan famfo, amma agogo ya shaƙe mu.

Mazajenmu ma suna wahala, ba na musun wannan. Sai dai wahalar tasu tana da ramukan hutu a ciki. Direban tasi da ke layi a filin jirgin sama yana jiran fasinja yana da awa guda cur, waya a hannu, babu mai kiran sunansa. Lokacin mace a gutsure yake, minti uku nan, minti biyar can, hannu a jiƙe, yaro na jan zani. Aikin sa-kai na manhaja kuwa an gina shi ne bisa zaton mutum yana da dogon dare nasa na kansa. Wanda ya fi daɗewa a zaune shi ake sani, shi ake ba mukami, shi ke yanke shawara. Suna kiran wannan cancanta. Ni dai na lura cancantar tana yawan sauka a kan wanda wata ke dafa masa abinci.

Ko lokacin taro ma magana ce. Wani rukunin masu fassara da na taɓa shiga yakan sa taronsa na intanet da ƙarfe takwas na dare agogon Najeriya. A Kano lokacin mace na tsakiyar rabon tuwo da shirya yara. A nan New York kuma ƙarfe uku na rana ne lokacin bazara, daidai tashin 'yan makaranta. Babu wanda ya zauna ya ƙulla hakan da mugunta, waɗanda suka zaɓi lokacin sun duba abin da ya yi musu daidai ne, kuma babu mace a cikinsu da za ta ce a'a. Da na yi magana aka ce ai ana naɗar taron, in saurara daga baya. Wanda ke sauraro daga baya kuwa ya tarar an gama yanke shawara.

Akwai kuma abin da ba a cika son faɗa ba. Amaryarmu ta shiga wani zauren WhatsApp na masu irin wannan aiki, kafin kwana biyu saƙonni sun fara shigo mata ta bayan fage, wannan na tambayar ko tana da aure, wancan na neman hoto. Ta fita ba ta yi wa kowa sallama ba, kuma na tabbata masu zauren sun ƙirga ta cikin matan da ba su da himma. Turawa ma sun sha wannan, shi ya sa manyan ayyuka suka koma rubuta ƙa'idar zama da juna. Debian ta amince da tata a 2014, Linux kuma ya ɗauki sabuwa a watan Satumban 2018, a daidai lokacin da Torvalds da kansa ya nemi afuwa kan kaushin harshensa ya ɗan ja da baya. Rubuta ƙa'ida abu ne mai sauƙi. Samun wanda zai cire abokinsa daga zaure saboda ya dami wata baƙuwa, nan gizo ke saƙar.

"Ka" da "ki"

'Yar Anti ce ta fara nuna mana wani abu da duk muka saba gani har muka daina lura da shi. Tana duba wata manhaja da aka fassara zuwa Hausa sai ta ɗago ta ce, "Anti, wai me ya sa wayar nan take ɗauka ni namiji ce?" Ko'ina "ka shiga", "ka manta kalmar sirrinka?", "muna maka maraba". Turanci yana da kalma ɗaya ga wanda ake yi wa magana, mace ko namiji, don haka wanda ya rubuta asalin bai taɓa fuskantar zaɓin ba. Hausa ba ta yarda da wannan ɓoyo ba, dole ka ce "ka" ko "ki". Mai fassara namiji, yana hango mai karatu irinsa, hannunsa zai tafi kan "ka" ba tare da ya yi shawara da kowa ba.

Uwarta ta yi dariya ta ce su a zango ba su da wannan rigima, don Hausar Gana ta daɗe da sauke wannan bambanci, mace ma "ya zo" ake ce mata. Hajiya ta ce ita kam in aka ce mata "ka" sai ta waiga ta ga wa ke bayanta.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne maganin yana nan, amfani da shi ne ba a yi. Sau da yawa ana iya sauke wakilin sunan gaba ɗaya, a ce "Shiga", "Danna nan", "An manta kalmar sirri?" Inda ba zai yiwu ba, "ku" na girmamawa yana ɗaukar kowa. Manhajar da Wikipedia ke gudana a kanta ma tana da wata dabara da ke ba mai fassara damar rubuta siga biyu, ta mace da ta namiji, sai ta zaɓi wadda ta dace da abin da mai amfani ya saita a shafinsa. An yi ta ne saboda harsuna irin su Rashanci da Larabci, kuma ta dace da Hausa kamar don ita aka yi. Sai dai aiki ne ninki biyu, kuma wanda abin bai taɓa sosa masa rai ba, da wuya ya ɗora wa kansa. Ga wanda ke tambayar me shigar mata za ta ƙara a aikin manhaja, wannan misali ya ishe ni. Kuskure ne da namiji mai kyakkyawar niyya zai duba sau ɗari bai gan shi ba.

Haka muka ci karo da batun karin harshe. Hajiya "tahi" take cewa inda Bakano zai ce "tafi", kuma ta yi fargabar masu tantancewa za su yi ta watsi da muryarta. Ƙa'idar Common Voice ta ja kunnen masu sauraro kada su yi saurin ƙin murya don kawai lafazinta ya bambanta da nasu, amma ƙa'ida ba ta danna maɓalli, mutum ne ke dannawa. In masu tantancewa duka daga gari ɗaya suke, Hausar Maraɗi da ta Sakkwato da ta zango za su riƙa zubewa a hanya ba wanda ya sani.

Batun murya shi ya fi ɗaukar mu lokaci. Amaryarmu ta ce ita ba za ta naɗi muryarta ba. Da farko na zaci maganar da aka saba ce ta ko ya dace mace ta fitar da muryarta, wadda malamai suka daɗe suna tattaunawa, kuma kowa ya san shekaru nawa matan Hausawa suka yi suna karanta labarai a rediyo suna koyarwa a Islamiyya. Ashe nata dalilin daban ne. Ta ce, "Yaya, kin ce kowa na iya saukewa. In wani ya ɗauka ya sa na'ura ta kwaikwayi muryata fa?" Na gaya mata gaskiyar yadda abin yake. Ba a haɗa murya da suna, bayyana shekaru ko jinsi ganin dama ne, kuma duk mai saukewa sai ya yi alkawarin ba zai nemi gano masu muryoyin ba. Amma lasisin na sadaukarwa ne gaba ɗaya, abin da wani ya riga ya sauke a kwamfutarsa ba mai iya ƙwato shi. Ta ce to ta yafe. Ban ja da ita ba, domin tambayarta ta fi ta mutane da yawa da ke danna "na amince" ido rufe. Yanzu ita ce ta fi kowa yawan tantance muryoyi a cikinmu.

Masu cewa matan Hausawa ba su damu da rubutu ko fasaha ba, ban san inda suke zaune ba. Tun shekarun 1980 mata irin su Balaraba Ramat Yakubu suke cika kasuwar littattafan Kano, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta biyo baya, yau kuma littattafan da ke yawo a WhatsApp da Wattpad akasari mata ne ke rubuta su, da babban yatsa, a kan waya, bayan yara sun yi barci. Sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata ta mata zalla a 2016, labarai suka yi ta kwarara. Dabarar GNOME ce sak, an kira su da sunansu, an sa lada.

Mu kuwa ba sai mun je Amurka aron wannan dabara ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da ta so ilimi ya kai ga matan karkara, ba ta zauna a gida ta ce ƙofata a buɗe take ba. Ta san matan aure masu goyo ba za su iya doguwar tafiya ba. Sai ta kafa 'Yan Taru, ta zaɓi dattijai mata ta naɗa su jaji, ta ba kowace malfa da jan rawani don a san da izini take tafe. Su ke zuwa wurinta tare da 'yan mata, su haddace karatu, su koma ƙauyuka su koyar da waɗanda ba su iya fitowa. Ta duba wa ke da sarari, wa ba ta da shi, ta gina tsarin a kan haka, ta kuma ba masu aikin girma da kowa ke gani. Ina ganin duk mai shirya aikin sa-kai da Hausa ya kamata ya zauna ya yi nazarin wannan tsari kafin ya buɗe zauren WhatsApp.

Kada in sa mai karatu ya ɗauka kiran mata da biyansu abu ne da ya tafi sumul. Gwajin 2006 sau ɗaya aka yi shi aka tsaya. Sai a 2010 wata injiniya mai suna Marina Zhurakhinskaya ta farfaɗo da shi, ya bunƙasa, wasu ayyuka kamar Wikimedia da Mozilla da Linux suka shigo. A 2014 gidauniyar GNOME ta shiga ƙuncin kuɗi, domin tana biyan ɗalibai kafin masu ɗaukar nauyi su biya ta, nan take masu jiran ƙiris suka ce ga abin da shirin mata ya jawo. A 2015 aka sauya masa suna zuwa Outreachy, ya koma ƙarƙashin Software Freedom Conservancy, wata ƙungiya mai adireshi a Brooklyn, tsallaken ruwa daga inda nake zaune. An kuma faɗaɗa shi ya haɗa da duk wanda ake dannewa ko ba a cika ganin irinsa a harkar fasaha a ƙasarsa ba. Marina ta rasu a 2022, shekara guda kafin shirin ya yi bikin cika ɗalibai 1,000. 'Yan Najeriya da dama sun ci gajiyarsa, har akwai 'yar Najeriya a cikin masu gudanar da shi.

A gida ma an motsa. Ada Nduka Oyom ta kafa She Code Africa a 2016, sannan ita da Samson Goddy suka kafa Open Source Community Africa, wadda ta yi babban taronta na farko a Legas a 2020. Abin a yaba ne. Amma daga Legas zuwa Gusau akwai nisa, kuma nisan ba na kilomita kaɗai ba ne. Yarinyar da ta gama digirin kwamfuta a Dutsin-Ma ko Damagaram tana bukatar ta ga wata mai hijabi irin nata, mai magana da harshenta, ta riga ta shiga ta kuma fito lafiya. A nan nake ganin mu mazauna waje muna da abin bayarwa da ya wuce kuɗin da muke turawa ƙarshen wata. Awa ɗaya a mako ta duba aikin wata, ko karanta mata takardar neman gurbi kafin ta tura, ba ƙaramin abu ba ne.

Outreachy wata uku ake yi, daga gida, sau biyu a shekara, ana kuma biyan dala 7,000. Ba rubuta manhaja kaɗai ake ɗauka ba, akwai zane da rubuta bayanin yadda ake amfani da manhaja da nazarin bayanai. 'Yar Anti na shirin nema a zagaye mai zuwa. Tambayar farko da uwarta ta yi ita ce ko sai ta yi tafiya, da aka ce daga ɗakinta za ta yi, sai ta ce, "To, Allah ya sa albarka, amma wanke-wanken dare yana nan." Muka yi dariya, daga baya Hajiya ta ja ta gefe ta ce mata, "Haba ƙanwata, wata ukun nan ki ɗauke mata, ga ƙannenta maza nan biyu, hannunsu ba ciwo yake ba."

Ita Hajiya mun samo mata hanyar da ta dace da ita. Tunda hannunta ba ya samun sarari, baki kuwa yana da shi, sai 'yar Anti ta riƙa zama a shagon ranar Asabar da waya a hannu, Hajiya na kitso tana faɗo jimloli, ita tana rubutawa. Dole su zama gajeru, na ƙirƙirar mutum da kansa, ba kwafe daga littafin wani ba. "Jaririn ya ƙi kama nono tun jiya." "A jiƙa kanwa kafin a dama kunun." "Ƙafata ta kumbura, ba na iya taka ta." "Ungozoma ta ce a kai ta asibiti yanzu." A Asabar ɗin da ta wuce sun rubuta fiye da 40 kafin a gama kai ɗaya, har mai kitson, wata 'yar Laberiya, ta tambaya ko waƙa ake yi.

Jimlolin suna can a shafin, ba za a fara nuna wa masu karatu su ba sai wasu masu jin Hausa sun duba sun amince, kuma mu da muka tura ba mu ne za mu amince wa kanmu ba. Mai waya a Bronx ko Jidda ko Landan zai iya buɗe sashen Hausa na Common Voice ya duba goma kafin shayinsa ya huce.